Yadda Baffa Tanko Ya Zama Ɗan Yamma

Bana ruwa ya yi jinkiri. An yi sassabe an ƙone, an gyara iri, masu gaggawa har sun yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, amma sama fara ƙal kamar an share. Jiya da safe na je ɗebo ruwa, igiya ta ƙare a hannuna guga bai taɓa komai ba. Dole na kwance igiyar jaki na ƙara. Ina tsugune ina ƙullawa sai ga wani malami da aka turo daga Gumel, wai za a sake yanka unguwannin garinmu. Ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, ba kai ne mai gidan can na gabas ba, wanda rijiya ke ƙofarsa? Me ya kawo ka nan da ranar nan?"

Na ce masa ni ɗan Yamma ne.

Ya dubi inda gidana yake, ya dube ni, ya wuce. Ban yi masa bayani ba. Rana ta yi zafi, kuma ni ba mai son surutu a tsaye ba ne. Amma tun jiyan nan abin ke yi mini yawo a kai, gara in faɗe shi in huta.

Garinmu ƙarami ne, arewa da Gumel. In ka fita da jaki bayan asuba, ka kai kasuwar Maigatari kafin azahar. Rijiya biyu gare mu, ta Yamma da ta Gabas, kuma dukansu masu zurfi ne, irin na ƙasar nan da sai ka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami. Ta Gabas kakana ne ya haƙa ta. A bakin kowace an gitta manyan itatuwan ƙirya, igiya ta ci su ta yi gurbi gurbi, kuma kowane gida ya san gurbinsa. In ka sa igiyarka a gurbin wani, sai a yi maka kallon wanda ya sa takalmin da ba nasa ba.

A lokacin da nake magana ban daɗe da aure ba. Mahaifina ya rasu, ina hannun ƙanensa, Baffa Tanko, mahaƙin rijiya, gajere, mai faɗin kafaɗa, mai taurin kai irin wanda ba a yi masa magani. Mai unguwa ɗaya ne a garin duka, Malam Buba, gidansa na Yamma. Shi da Baffa taubasai ne, uwar Buba ƙanwar kakana ce. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da zagi ba. Wannan ya ce wa wancan bawana, wancan ya ce kai ne bawan. In ɗaya ya kwanta ciwo, ɗayan ne zai fara zuwa, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Har yanzu bai mutu ba?"

Gari ya yi ta cika a shekarun nan. Mutane suna ta gangarowa daga wajen Damagaram, suna gudun aikin Faransi, yawancinsu kuma gabas suke sauka don nan ne akwai fili. Sai hakimi ya ce mai unguwa ɗaya ya yi kaɗan, a raba garin biyu. Jakadansa ya zo da farkon damina, ya tara magidanta a ƙofar masallaci. Ba igiya ya zo da ita ya auna ƙasa ba, ba kuma gidaje ya ƙirga ba. Cewa ya yi, "Kowace rijiya da mutanenta. Ranar da na dawo, kowane magidanci ya rataya gugansa a rijiyar da yake sha. Inda guganka yake, nan ce unguwarka. Mutanen kowace rijiya su nuna wanda suke so, in kai wa hakimi, a naɗa shi. Amma rijiyar da magidantanta ba su cika sahu guda a ƙofar masallacin nan ba, ba ta da unguwa, sai ta bi 'yar'uwarta."

Aka tambaye shi yaushe zai dawo. Ya ce kafin shukar baɗi.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne. Mai unguwa shi ke faɗin gidan da zai ba da namiji in an ce aikin hanya ko ɗaukar kayan Bature. Shi ke nuna wa baƙo inda zai sari gona. Shi ke durƙusawa gaban manya ya ce wane ba shi da komai bana, a ɗaga masa ƙafa. Buba ba azzalumi ba ne, amma idonsa ya fi ganin mutanen ƙofar gidansa, kamar kowa. Mu na gabas muna son namu. Kuma ba a yi shawara ba, kowa ya san Baffa Tanko ne. Shi ma ya sani. Har tafiyarsa ta canza. Matarsa, Inna Yalwa, ta zauna ta kaɗa zare mai kyau, ta kai wa masaƙi, aka saƙa farin rawani, ta naɗe ta sa a ƙasan tukunya don kada mutane su ce an yi azarɓaɓi.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne damina. Ta shekarar nan ba damina ba ce. Gero ya fito, ya yi tsawon gwiwa, ya tsaya yana kallonmu. Abin da na girba a gonata, ni kaɗai na kwaso shi gida ban nemi jaki ba. Dattawa suka ce a yi tattali. Aka yi. Tuwo ya koma sau ɗaya, daga nan ya koma kunu, daga nan kunun ya koma ruwan da kake hango gindin ƙwarya a ciki. Kafin zafi ya shigo sosai mata sun fara fita daji da tsintsiya suna sharo ƙarangiya, su sussuka, ƙaya ta cinye musu hannu, a sami ɗan abin da za a dama. Aka ci dusa. Aka ci yaɗiya, aka gwagwiyi goruba har ƙwallon ya yi fari. Wasu suka tona gidan tururuwa suka ƙwace mata abin da ta tara. Na yi da hannuna, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai kuma rijiyar Gabas ta fara ja da baya. Yau ka ƙara igiya, gobe ka ƙara. Wata safiya guga ya fito da taɓo. Wata safiyar ya fito da yashi busasshe. Shi ke nan. Muka ɗauki guguna muka nufi Yamma, kai a sunkuye.

Buba yana zaune bakin rijiyarsa a kan buzu, rawani a kai. Da ya hango Baffa sai ya gyara zama.

"A'a, bawana! Na ji an ce rijiyarka ta tafi ci-rani."

"Ta je gaida danginta a ƙasa ne," in ji Baffa. "Za ta dawo."

"To kafin ta dawo ka sha tamu. Ku ba shi wuri, ku ba mai unguwar yashi wuri."

"Kai dai riƙe rawaninka da kyau. Ya fi kan girma, iska na iya ɗauka."

Aka yi dariya, har da mu. Muka kama hanyar komawa. Sai da muka zo daidai rijiyarmu Baffa ya ajiye tulu, ya leƙa ciki ya daɗe. Ya ce, "Sale, in jakadan nan ya same mu haka, ba wanda zai rataya guga a ramin da ba ruwa. Gobe za mu shiga."

Na ce, "Baffa, da wane ƙarfin? Mutane ko tsayuwar sallah da ƙyar."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba."

Haka aka fara. Wanda bai san haƙar rijiya a yashi ba ba zai gane ba. Kana haƙa ƙasa, gefe yana son rufto maka, don haka duk ɗan abin da ka sauka sai ka ɗaure bango da itace. Itacen ƙirya ake so, kuma sai an je daji an saro. Mutum huɗu za su ɗauki gungumen da da can mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, su yi ta hutawa a hanya. Mu biyu ne masu shiga, ni da Baffa, don ni siriri ne, shi kuma ba ya yarda da kowa. A ɗaura maka igiya a ƙugu a zura ka. Da farko sanyi za ka ji, har ka ce a nan zan zauna. In ka kai ƙasa sai numfashi ya yi nauyi, kamar an ɗora maka dutsen niƙa a ƙirji. Ka ɗaga kai ka ga sama ta koma kamar faifai. Yashi yana zubo maka a wuya. Ka durƙusa da guntuwar fartanya da ƙwarya, ka cika wasaki, wato babban gugan fata, ka girgiza igiya, a ja.

Jan ne ya so ya gagare mu. Masu ja suna faɗuwa. A nan ne Abdu ya shigo. Abdu baƙo ne daga arewa, ya zo garinmu da mace ɗaya da jaki ɗaya, bai cika magana ba. Ya tsaya ya kalle mu kwana biyu, sannan ya ce a wajensu ba haka ake yi ba. Ya kafa gwafa biyu a bakin rijiya, ya gitta itace mai santsi, ya bi da igiya ta kai, ya ɗaura wa jakinsa. Jaki ya yi gaba, wasaki ya taso. Jaki ya dawo, wasaki ya sauka. Baffa ya ɗaga murya daga cikin rami ya ce, "Wane ne ke ja yau? Ya fi ku hankali." Aka ce masa jaki ne. Ya ce ya sani.

Jakin nan ya yi hanya a ƙasa don zirga-zirga. Haƙarƙarinsa duk a waje. Abdu kan hau gawo ya kakkaɓo masa 'ya'ya, wani lokaci in ba a kallo shi ma ya jefa ɗaya a baki.

Yinin kowace rana iri ɗaya ne. Da asuba mata su tafi Yamma da tuluna su bi layi. Mu shiga rami tun da sanyi. In rana ta take, iska ta taso kamar daga bakin maƙera, a fito da wanda ke ciki, kowa ya nemi inuwa ya kwanta, ba barci ba, kwanciya kawai don kada cikin ya tuna. Guguwa ta bi ta cikin gari ta kwashi zana ta watsar, ba mai ƙarfin bin ta. Da la'asar a koma. Da magariba a ci abin da ya samu, kuma abin da ya fi samuwa anza ce, 'ya'yan wani itacen daji. Anza ɗaci gare ta kamar masifa, sai an jiƙa ta an yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ta ciwu. To ga yunwa tana cewa ka ci, ga ruwan sauyin babu. Maiɗakina Ladi, tana da ciki na fari a lokacin, ita da Inna Yalwa suka riƙa haɗa tasu a tukunya ɗaya don ruwa ya isa. Ruwan da aka tace ba a zubarwa, da shi ake wanke hannu, da shi ake yayyafa wa ɗan barkonon Inna da ta ƙi bari ya mutu. Har yau in na ji ɗaci a bakina da sassafe, tukunyar nan nake tunawa.

Mutane sun tafi. Wasu sun bi hanyar Gagarawa suka yi kudu neman inda ke da kogi. Wasu sun ce za su wajen dangi a Sule Tankarkar, can ma suka tarar ana neman wajen zuwa. Akwai gidajen da aka jingina wa ƙaya a ƙofa, har yau ba a dawo an cire ba. Mun binne tsofaffi, mun binne yara. Uwar Ladi na ciki. Ba zan tsaya a nan ba.

Kullum da la'asar sai Buba ya zo. Ya zauna a kan gungumen bakin rijiya ya leƙa, ya ɗaga murya.

"Bawana! Ka kai wajen kakanninka ko da saura?"

Daga ƙasa murya ta taso kamar daga cikin tulu: "Na tarar da naka, sun ce in gaya maka ka rage cin anzar marayu."

"Ka fito haka nan, na yafe maka. Zan naɗa ka sarkin gugana."

"Matsa daga nan, inuwar kanka ta rufe mini haske."

Yana zagin, yana kwance bakin riga. Sai ya ciro ɓarin goro busasshe, Allah kaɗai ya san inda yake samu, ya jefa a wasaki a zura wa Baffa. Kuma kullum akwai tulu guda da yake sawa a kawo mana daga Yamma ba layi. Yakan ce na jakin Abdu ne, don shi kaɗai ne mai aikin kirki a wurin.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ya yi baƙi, ya yi ruri, iska ta zo ta watsa shi. Muna tsaye da baki buɗe kamar 'yan tsaki. Ranar da abin ya faru, Baffa ne a ciki, ni ina riƙe da igiya. Na ji shiru ya yi yawa. Na kira, bai amsa ba. Sai igiya ta girgiza. Abdu ya kora jaki. Wasaki ya fito ba nauyi, ba komai a ciki sai dunƙulen yashi ɗaya, an mulmula shi kamar fura, ga shatar yatsun Baffa a jiki. Bai wargaje ba. Na ɗauka na kai hanci. Ƙamshin nan na ƙasa mai laima, wanda muka manta da shi. Dunƙulen ya bi hannu hannu, kowa na shaƙa. Inna Yalwa ta buɗe baki za ta yi guɗa, maƙogwaro ya bushe, abin da ya fito kamar kukan ƙofa. Ba wanda ya yi mata dariya.

Washegari ruwa ya kai gwiwa. Bayan an ƙara yasa ya kai ƙugu. Ruwa mai sanyi, ba gishiri, ba wari.

To ita kuma rijiyar Yamma, duk tsawon ranin nan ita kaɗai ke ɗauke da gari, mutane da dabbobi, ba hutu. Itacen da aka ɗaure ta da shi tsoho ne. Ba a yi mako da samun ruwanmu ba gefenta ya zame ya rufta ciki. Allah ya kiyaye ba kowa a bakin. Abin da ya rage taɓo ne. Gari duka ya juyo gabas.

Baffa ya shimfiɗa buzu a bakin rijiya ya zauna ya jira. Da Buba ya iso da gugansa, Baffa ya miƙe har da rusunawa.

"Ranka ya daɗe, me ake nema a unguwar yashi?"

"Na zo duba aikin bayina ne."

"Ku ba shi wuri. Ku ba mai unguwar taɓo wuri."

Ya daɗe yana ajiye da wannan, na sani. Ya ce zai shiga ta Yamma ya gyara, amma sai ya huta, don ƙafafunsa sun kumbura. Bai samu hutun ba. Jakada ya iso da hantsi, a kan wani doki da ya fi jakin Abdu ramewa, ya ce yau za a yi, gobe yana da wani garin.

Aka ce kowa ya rataya guga. Nan fa abin ya juye. Mutanen Yamma, waɗanda aka haifa a kan rijiyar Yamma, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka rataya a gwafar Abdu. Baffa ya ce musu, "Ku koma taku! Ruwa na Allah ne, ba wanda zan hana." Suka ƙi kallonsa. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga ɗansa na lasar gindin tulu ba zai rataya gugansa a kan taɓo don kunyar wani ba. Tsoronsu kada gobe a ce ba unguwarku ba ce.

Jakada ya zaga ya ga guguna, sannan ya ce a jeru a ƙofar masallaci. Mu na Gabas muka yi sahu bayan sahu. Can gefe Buba ya tsaya da ƙannensa da 'ya'yansa da wasu tsofaffi da suka ce sun tsufa da sauya gurbi. Suka buɗa kafaɗa, suka ware ƙafa, suka yi duk dabarar da za su yi. Sahun bai kai bango ba. Saura wurin mutum biyu.

Jakada ya ce, "Malam Buba, ka gani da idonka. Sahu bai cika ba. Gari ya zama unguwa ɗaya, ta Gabas. Sai ka ba da rawani."

Buba bai yi musu ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin hakimi." Ya ɗaga hannu ya fara warwarewa da kansa. Tunda nake ban taɓa ganin kansa a buɗe ba. Ashe ɗan ƙarami ne, duk furfura, ga jijiya a gefe tana bugawa.

Baffa yana gabana. Na ga wuyansa ya yi tauri. Sai ya daka tsawa: "Kai! Mayar da abin nan, kanka ba kyan gani!" Ya juyo gare ni. "Sale, ɗauko gugana da naka."

Na ce, "Baffa, ka san abin da kake yi?"

"Sahu za mu cika musu mu dawo. Ba ka taɓa cika sahu ba?"

Haka ya ɗauki abin, wallahi. Kamar a sallah, ka ga gurbi a gaba ka matsa ka toshe, in an sallame kowa ya nemi takalminsa. Na ruga na ciro guguna biyu, na kai Yamma na rataya a kan taɓo, na dawo ina haki. Muka shiga sahun Buba. Kafaɗar Baffa ta taɓa bango.

Jakada ya ce, "Ya cika. Unguwa biyu. Mutanen Yamma, wa kuke so?" Aka ce Buba. Ya juya ga na Gabas. Baffa ya kakkaɓe riga ya kama hanyar komawa wurinsa.

"Malam, ina za ka?"

"Wajen mutanena."

"Gugan wa ke rataye a Yamma?"

"Nawa ne, amma ai..."

"To ga mutanenka nan a bayanka."

Daga bayan zana muka ji muryar Inna Yalwa: "Na shiga uku! Mutumin nan ya haƙa rijiya ya ba da ita sadaka!" Buba ya durƙusa, rawani rabi a kai rabi a kafaɗa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, aronsa na yi. Kowa ya san rijiyar ubansa ce, shi ya shiga ya fito da ruwan da dokinka ya sha yanzu."

Jakada ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya ce, "Ni abin da na gani zan kai. In yana so ya koma, ya je ya ciro gugansa, ban hana ba. Amma in ya koma sahu ya ragu, gari duka nasa ne, kai kuma ka sauka. Ya zaɓa, rana na yi."

Baffa ya tsaya a tsakiyar fili, tsakanin sahu da sahu. Ya dubi gabas, inda gwafa take da guguna reto reto. Ya dubi Buba a durƙushe. Buba ya ce masa a hankali, ba da muryar wasa ba, "Tanko, je ka. Haƙƙinka ne."

Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar.

Baffa ya yi tsaki mai ƙarfi. Ya dawo ya tura kafaɗarsa jikin bango, ya ce, "Tashi ka naɗa abinka. In na bar ka ba rawani, wa zan riƙa zagi?"

Aka koma kan na Gabas. Jakada ya ce su nuna mutum. Duk suka juyo suna kallon Baffa. Ya buɗe baki, jakada ya ce, "Kai ba ka da magana a nan, ɗan Yamma ne kai." Baffa ya rufe baki. Ya ɗaga kai kamar mai duba hadari, ya turo leɓe waje ɗaya, ya daɗe a haka. A ƙarshen sahu na baya, inda leɓen ya nuna, Abdu ne tsaye riƙe da igiyar jakinsa. Mutane suka ce, "Abdu muke so." Abdu ya waiga bayansa yana neman wani Abdun.

Inna Yalwa ba ta yi wa Baffa magana ba har aka yi ruwan fari. Amma da yammar nan ta ciro rawanin daga tukunya, ta kakkaɓe, ta kai wa matar Abdu da kanta, ta ce zaren mai kyau ne, kada a wanke shi da toka.

Da gari ya waye Baffa ya wuce rijiyar ubansa ko waiwaye bai yi ba. Abdu ya biyo shi yana roƙo, ya ce don Allah ya ɗebi ruwa a gurbinsa, wa zai hana shi? Baffa ya ce, "Mai unguwa, ka ji abin da jakada ya ce." Ya sa aka ɗaura masa igiya, da kumburarrun ƙafafun nan, ya shiga ta Yamma. Ni ma dole na bi. Muna cikin ɗaure bango na ƙarshe aka yi ruwan fari. Ina ƙasa na ji ɗigo mai sanyi a ƙeyata, na zaci wani ne ke tofi don tsokana, na ɗaga kai zan yi zagi, sai na ga faifan nan na sama ya yi baƙi. Aka jawo ni na tarar da manyan mutane tsaye cikin ruwa ba mai neman mafaka. Muka shuka ɗan irin da aka ɓoye wa yunwa. Yunwar ba ta sake mu ba sai da gero ya nuna, amma an daina binne mutane kamar da. A cikin daminar nan Ladi ta sauka lafiya.

Mutanen Yamma suka ci gaba da zama 'yan Gabas a suna, suna sha inda suka ga dama, ba wanda ya taɓa hana su. Mu biyu ne kawai muka riƙe maganar jakada, shi don taurin kai, ni don ba a wuce Baffa a yi wani abu daban. Daga baya igiyata ta ci gurbinta a Yamma, na saba. Yanzu an ɗaure rijiyoyin da siminti, an cire itatuwan, yaran yanzu ba su san gurbi ba. Malamin Gumel kuma da takardarsa zai raba mu, ba zai tambayi inda kowa ke sha ba. Ban ce nasa ya fi muni ba. Sauri dai ya fi.

Baffa ya yi shekaru bayan haka. Kullum da safe ya iske Buba a bakin rijiya, Buba ya ce, "Talakana ya iso," shi kuma ya ce, "Talakan da ya ɗaura maka kai." Ya rasu da damina, da rana tsaka, bayan ya dawo daga gona. Da aka ce a kawo ruwan wanka, na ɗauki tulu da guga na nufi Yamma kamar kullum. A ƙofar gida na ci karo da Buba, ya tsufa tukuf, yana dogara sanda. Ya tare ni da sandar.

"Ina za ka?"

Na ce rijiya.

"Juyo. Ni ne mai unguwarsa, kuma na sallame shi."

Ya karɓi gugan daga hannuna, ya taka zuwa rijiyar Gabas, ya laluba da yatsa har ya sami gurbin gidanmu, wanda ƙasa ta cike. Ya hure shi, ya zura igiya. Da guga ya cika ya kasa ja. Na kama masa muka jawo tare. Na juye a tulu na saɓa, yana biye da ni a baya, sanda na ƙwanƙwasa ƙasa.

"Sannu sannu, Sale," in ji shi. "Kada ka zubar. Ya daɗe bai taɓa ruwan nan ba."